Mai Zanen Gini: Aikinsa da Abin da Yake Aunawa

Wane ne mai zanen gini?

Magini shi ne mai ɗora tubali a kan tubali. Mai zanen gini kuwa shi ne wanda yake tsara ginin a takarda tun ba a haƙa tushe ba. Yana auna fili, yana duba inda rana take faɗuwa da inda ruwan sama yake bugowa, yana ƙiyasta kuɗi. Idan gwani ne, ba zai tsaya ga kuɗin da za ku kashe yau ba. Zai tambaya: ɗakin nan zai zaunu a watan Afrilu? Idan bango ya tsage, akwai mai gyara shi a garin? Kuɗin aikin zai tsaya a hannun mutanen gari, ko zai tafi wajen sayen kayan waje?

Misalin Dandaji

Dandaji gari ne a jihar Tawa. Tsohon masallacinsa na ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma lalace, har aka yi niyyar rushe shi. Alhaji Falke Barmu ne ya tsara shi, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou ta Nijar da Yasaman Esmaili ta Iran, suka ba da wata shawara. Aka gyara tsohon masallacin, aka mai da shi ɗakin karatu. Aka gina sabon masallaci kusa da shi, mai ɗaukar mutum kamar 1,000. An gama aikin a 2018, ana kiran wurin Hikma. Maginan da suka san tsohon ginin sun shiga aikin gyaran.

An yi sabon masallacin da tubalin jar ƙasa wadda aka haƙo kusa da garin. Ana jiƙa ƙasar kaɗan, a garwaya ta da siminti ɗan kima, a matse ta a inji, a bar ta ta yi ƙwari. Ba a gasa ta, saboda haka ba a ƙone itace. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana sannu a hankali, ya sake shi da dare. Rufin kwano kuwa yana zubo zafi cikin ɗaki nan take. Da yawa suna ɗaukan ginin ƙasa alamar talauci, amma duk wanda ya yi barcin rana a soro ya san bambancin.

A Yamai ma, a 2016, ƙungiyar masu zane da su biyun suke ciki ta gina gidaje 6 masu bene da irin wannan tubali, aka sa musu suna Niamey 2000.

Idan za ku yi gini

Ƙasa tana da maƙiyi ɗaya babba: ruwa. Kada ku yi gini a hanyar ruwa ko a fadama. Ku ɗaga tushe sama da ƙasa, da dutse ko siminti. Ku sa indararo mai tsawo, don kada ruwan rufi ya zuba a gindin bango. Ku duba yaɓe kowace shekara kafin damina.

Ba kowace ƙasa take yin tubali ba. Mai yawan yashi tana ruguɗewa, mai yawan yumɓu tana tsagewa. Ku sa a gwada tubali kaɗan tukuna.

Kafin ku yarda da zane, ku nemi a nuna muku inda iska za ta shiga da inda za ta fita. Ku kuma nemi a rubuta muku kuɗin gini dabam, da kuɗin gyara na kowace shekara dabam.