Abin Da Tarihin Littattafan Hausa Ke Koya Wa Mai Son Rubuta Labari

Matasanmu da yawa, maza da mata, sun shiga rubuta labari a waya suna tura wa juna, wasunsu kuma suna tambayar yadda ake gina littafi har mai karatu ya kasa ajiye shi. To, amsar tana cikin tarihin littattafan Hausa. An yi shekara casa'in ana wannan sana'a, kuma kowane zamani ya bar dabarar da za a iya ɗauka.

Abin ya faro ne a 1933, lokacin da wani Bature, Rupert East, da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Kafin nan malamanmu sun daɗe suna rubutu da Larabci da ajami, amma wa'azi da fiƙihu da tarihi da waƙa suke rubutawa. Tatsuniya kuwa an bar wa tsofaffi mata da yara da daddare, malami ba ya ɓata tawadarsa a kanta. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

A Ruwan Bagaja, Imam, wanda a lokacin bai wuce shekara 22 ba, ya ba jaruminsa buƙata guda tun daga farko: ya nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya wanke wulaƙancin da aka yi wa gidansu. Duk garin da Alhaji Imam ya shiga, duk wautar da aka tafka, mai karatu ya san abin da aka fito nema. Sannan ya haɗa shi da Malam Zurƙe, kullum ɗaya na yi wa ɗaya tsiya, ɗayan yana ramawa. Kun ga dabara biyu ke nan. Jarumi ya kasance da abin da yake nema, a kuma samu wanda zai riƙa tare masa hanya. Labarin da ba shi da waɗannan kamar ɗan kasuwa ne da ya hau mota bai san garin da zai sauke kaya ba.

Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanya daban. A Shaihu Umar, dattijon malami ne ke zaune da almajiransa yana ba su tarihin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu bayi, har wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi. Ba a cika ado ko kururuwa ba. Da muryar natsuwa yake magana, shi ya sa idan aka zo kan mahaifiyarsa, wadda ta bar gida nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta, abin yake taɓa zuciya. Darasin shi ne ka zaɓi wanda zai ba da labarin, ka bar shi ya yi magana irin tasa. Malami ba zai yi zance irin na ɗan kamasho ba.

Jiki Magayi kuma ya koyar da yadda sanadi ke jawo sakamako. Attajiri ya yi amfani da dukiyarsa ya aure yarinyar da wani saurayi ke so, saurayin ya fita neman asirin ramuwa, masifar ta sauka a kan ɗan da aka haifa, ƙarshe ɗan ya zama ajalin ubansa. Babu abin da ya faɗo daga sama a littafin. Kowane babi na gabansa ne ya haife shi.

Tsakanin 1937 da 1939 Imam ya fitar da Magana Jari Ce, littafi uku. A nan aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa a gida da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Labari yana cikin labari, kuma kowanne yana da aikin da yake yi, domin in aku ya gaza, ran yaro ne a bakinsa. Da yawa daga cikin labaran Imam ya samo su ne daga Alfu Laila da littattafan Turawa, amma ya sa musu riga da hula, ya ba su sarki da waziri da dogarai, har ba ka ganin baƙuntarsu. Masu kwaso labarin fim ɗin Indiya su juye shi yadda yake, ya kamata su duba nan. Aro ba laifi ba ne, amma a ɗinke rigar daidai jikin mai sawa.

Daga nan abin ya ɗan yi sanyi, domin yawancin littattafan don makarantu ake buga su. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya sake shirya gasa, a 1980 ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Soyayya da auren zamani suka shigo fili ke nan.

Sai dai babban juyi daga kasuwa ya zo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu karanta boko, musamman mata. Shi kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya. Sai matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa su sayar. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, na 1984, yana cikin na farko-farko. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Masana suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, suna kwatanta shi da ƙananan littattafan Turanci na kasuwar Onitsha.

Mu 'yan kasuwa mun san wanda ya zuba jarinsa ba ya wasa da mai saye. Marubutan nan sun raba littafi kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, su yanke na ɗaya daidai inda hankali ya tashi, dole ka nemo na biyu. Sun rubuta hira yadda mutane ke yin ta a tsakar gida. Sun kuma ɗauko matsalar da ke cikin gidan mai karatu: kishi, auren dole, saki, talauci. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 'yar masu kuɗi Sumayya ta so talaka Muhammad, aka matsa mata, ta faɗa rijiya. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Alhaji Abdu ya yi amarya ya kori Rabi da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, shi kuwa shagonsa ya ƙone. Marubuciyar ba ta tsaya dogon wa'azi ba, ta bar mu mun ga abin da idonmu. An ma fassara littafin zuwa Turanci a Indiya a 2012.

Ba a rasa ƙorafi ba. Iyaye da malamai sun zargi wasu littattafan da ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙona wasu a bainar jama'a. Gaskiya akwai na banza a ciki, masu batsa da waɗanda aka rubuta da gaggawa. Amma waɗanda suka daɗe a hannun mutane su ne waɗanda aka gina da kyau, suka kuma faɗi gaskiyar zaman jama'a.

To, ina ruwanmu da wannan a Ibadan? Littattafan da ke zuwa mana kusan duk a Arewa labarinsu yake faruwa, alhali unguwar nan tun 1916 take. Fatake sun zo da shanu sun koma da goro, masu gida sun sauke baƙi sun tsaya musu a ciniki, an yi auratayya da Yarbawa, an haifi yaran da Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, in sun je Kano a ce musu baƙi, a nan ma a ce musu baƙi. Duk wannan kayan labari ne, kuma dattawan da suka san farkonsa suna ta ƙarewa.

Saboda haka, ɗana ko 'yata mai son rubutu, fara da mutum guda daga cikinmu. A ce yaron da mahaifinsa ya rasu ya bar bashin goro, shi kuma yana son ya wanke sunan gidansu. Ka san wanda zai tare masa hanya, ka zaɓi bakin da zai ba da labarin, ka sa kowane babi ya zama sanadin na bayansa, ka yanke shi inda za a nemi ci gaba. In ka gama, karanta wa mahaifiyarka da babbar murya. Duk inda ta tashi ta koma kan tukunyarta, nan ne gyara yake. Kuma ka rubuta da Hausa, ko da tamu ta Sabo ce mai gauraye, domin yaron da ya ga unguwarsu a cikin littafi zai yi ƙoƙarin karanta shi har ƙarshe.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa alƙalumansu su amfani jama'a.