Alkaki

Alkaki abin marmari ne na gargajiyar Hausawa da ake yi da alkama, a soya, a jiƙa da zuma ko ruwan sukari. A ƙauyukan arewacin jihar Kano, irin su yankunan Bichi, Ɗambatta da Minjibir, mata ne ke yin sa a cikin gida, galibi don biki, suna ko salla.

Ana ɓarza alkama ne, ba a niƙa ta ta yi laushi, domin tsakin shi ke ba alkaki garɗinsa. Sai a murza ta da man gyaɗa, a kwaɓa da ɗan ruwa da nono mai tsami ko yis, a rufe ta kwana. Washegari a zuba ruwan kanwa kaɗan don kashe tsami, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo. A nan gwanaye ke bambanta da 'yan koyo, don kwaɓin da bai kirɓu ba wargajewa yake yi a cikin mai. Daga nan a mulmula, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi har ya yi ja, a tsoma shi da zafinsa cikin sukarin da aka dafa da lemon tsami ko tsamiya, waɗanda ke hana sukari daskarewa.

Alkaki yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa yake cikin kayan garar da ake kai wa dangin ango tare da nakiya da dubulan.