Uba Biyu da Littafi Guda

A shekara ta 1948 abubuwa biyu suka faru game da Afirka ta Kudu. A watan Fabrairu aka buga littafin wani Bature ɗan ƙasar, Alan Paton, mai suna Cry, the Beloved Country. A watan Mayu kuwa jam'iyyar National ta ci zaɓe, ta soma kafa mulkin wariyar launin fata bisa doka.

Paton ba da jita-jita ya yi rubutu ba. Tun 1935 yake shugabantar gidan kangararrun yara baƙar fata na Diepkloof, kusa da Johannesburg. Ya san abin da ke raba yaro da garinsu ya jefa shi kurkuku.

Ga labarin a taƙaice. Stephen Kumalo, dattijon firist Bazule, ya bar ƙauyensa Ndotsheni ya tafi Johannesburg neman ɗansa Absalom. Ya tarar yaron ya shiga gida sata, ya harbe wani Bature, Arthur Jarvis, wanda shi kuwa mai fafutukar neman adalci ne ga baƙaƙe. Aka yanke wa Absalom hukuncin kisa. Ashe mahaifin mamacin, James Jarvis, gonarsa tana kan tudu bisa ƙauyen Kumalo. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, amma bai san halin da mutanen kwarin suke ciki ba.

Ya mai karatu, lura da abin da ya juya zuciyar wannan manomi. Ya zauna a ɗakin ɗansa, ya karanta takardun da marigayin ya bari. Bayan wannan ne ya aika wa yaran Ndotsheni madara, ya kawo musu malamin gona, ya kuma ɗauki nauyin gina sabuwar majami'a. Abin da karatu ya yi wa Jarvis, shi Paton yake so littafin ya yi wa mai karanta shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labari irin wannan yakan shigar da baƙo cikin ɗakin, har ruwan ya ɗiga masa a ka. In an ce maka dubbai suna shan wahala, sai ka girgiza kai ka wuce. Amma uba guda mai neman ɗansa ba ya mantuwa, gama kowa ɗan wani ne.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu. An fassara littafin cikin harsuna da yawa, an yi fim da shi a 1951, amma bai hana dokar raba unguwanni ta 1950 ba, bai kuma hana kisan mutum 69 a Sharpeville a 1960 ba. Waɗansu marubuta baƙar fata ma sun zarge shi da nuna Kumalo mai haƙuri fiye da kima, abin tausayi maimakon mai neman hakkinsa.

Paton kansa bai tsaya ga alƙalami ba. A 1953 ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Liberal, wadda ta karɓi baƙi da fari. Gwamnati ta ƙwace fasfonsa a 1960, doka kuma ta tilasta wa jam'iyyar rushewa a 1968. Ya rasu a 1988, saura shekara shida kowa ya sami ikon jefa ƙuri'a.

'Yan'uwa, sa'ad da ka rufe irin wannan littafi, tambayi kanka: wane ne yake zaune a kwarin da ke ƙarƙashin tudunka, wanda har yau ba ka san sunansa ba?