Dajin W, kudu da Sayi ta zamanin Gwandu

Ruwan da ke kwanciya a fadamun Cheberu da Kalgo na ƙasar Gwandu, ƙarshensa Kogin Kwara. Wanda ya bi kogin ya yi sama, ya wuce Gaya ta Jamhuriyar Nijar, zai tarar da inda ya yi lanƙwasa kamar harafin W na boko. Nan ne gandun dajin da Turawan Faransa suka kafa a 1954, wanda yau Nijar da Benin da Burkina Faso suka raba. Kason Nijar hekta 220,000 ne, tsakanin rafin Tapoa da na Mekrou.

Yankin ba baƙo ba ne ga mutanen Gwandu. Garin Sayi, arewa da dajin, ya bunƙasa ne a hannun malami Alfa Mahaman Jobbo, kuma Gwandu yake yi wa mubaya'a. A 1853 Bajamushen nan Barth ya baro Gwandu ta Sarki Halilu, ya ƙetare Kwara a Sayi kan hanyarsa ta Tambutu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ma daga Sayi ta ja layin iyaka zuwa Barruwa.

A dajin akwai giwa da ɓauna da gwanki da zaki. A ruwa kuwa dorina da kada, har da ayu, wanda masuntan Kabi suka fi kowa sanin darajarsa. Tsuntsaye sun haura iri 350. Saboda dausayinsa aka sa kason Nijar cikin yarjejeniyar Ramsar a 1987, UNESCO kuma ta ɗauke shi kayan gadon duniya a 1996.

Ni dai kukokinsa sun fi ɗauke mini hankali. Duk Bahaushe ya san inda kuka ta yi cincirindo, kufai ne. An zauna a nan, an yi noma, an narka tama, kafin ƙudan tsando da makantar bakin kogi su rage jama'a, dokar gandu ta tashi sauran. Masu kiran wurin dajin da ba a taɓa shiga ba sun manta da wannan, shi ya sa rigimar makiyaya Fulani da ma'aikatan gandu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: burtalin ya girmi shingen.

Yanzu kuma 'yan bindiga sun samu mafaka a ciki. A Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a hanya sun kashe ma'aikatan gandu a ɓangaren Benin, 'yan yawon buɗe ido kuma suka ɗauke ƙafa.