Baƙar Ƙasar Amazon da Shaidar da Ta Bayar

A cikin shekarar 1542 wani jarumin Sifen mai suna Francisco de Orellana, wanda neman abinci ya raba shi da rundunar Gonzalo Pizarro a dazuzzukan gabas da birnin Kito, ya bi ruwa da mutane hamsin da 'yan kai har Allah ya fitar da su bakin teku, suka zama Turawan farko da suka ratsa kogin Amazon tun daga sama har ƙasa. A cikinsu akwai wani limamin Kirista, Gaspar de Carvajal, wanda kibiya ta tsiyaye wa ido ɗaya a tafiyar, shi ne kuwa ya rubuta abin da suka gani: garuruwa jere a gaɓa, wannan na bin wancan, jama'a tinjim, masara da rogo a wadace, ga tukwane masu zane. To, da yake waɗanda suka biyo sawu bayan shekara ɗari biyu ba su tarar da kome ba sai kurmi da 'yan ƙauyuka jefi-jefi, kuma da yake limamin ya haɗa da labarin mata mayaƙa, sai aka raunana ruwayarsa baki ɗaya, aka ɗauke ta shaci-faɗin matafiyi wanda ya san babu mai ƙaryata shi.

Masu inkarin ba su rasa hujja ba. Ƙasar wannan kurmi, duk da tsawon itatuwanta, ja ce ko rawaya, mai tsami, ruwan sama ya wanke albarkarta tun fil azal, ta yadda manomi in ya sare daji ya ƙone, shekara biyu ko uku zai ci moriyar tokar sa'an nan ya yi gaba. Bisa wannan ne wata masaniya Ba'amurkiya, Betty Meggers, ta kafa ra'ayinta a littafin da ta fitar a 1971, cewa irin wannan ƙasa ba za ta iya ciyar da babbar al'umma zaunanniya ba. Ƙiyasi ne mai kyan tsari, illarsa ɗaya, shaidar da za ta rushe shi tana kwance ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Tun wajen 1870 masu binciken duwatsu, irin su Charles Hartt, suka lura da waɗansu filaye kusa da garin Santarém, inda kogin Tapajós ke shiga Amazon, waɗanda ƙasarsu baƙa ce wuluk, har baƙin da suka yi ƙaura daga jihohin kudu na ƙasar Amurka bayan yaƙin basasarta suna noma rake da taba a kansu. Mutanen Birazil suna kiranta terra preta, wato baƙar ƙasa. In aka haƙa rami a irin wannan wuri sai a ga baƙin ya nutsa, wani lokaci har kusan mita biyu, kafin a iske jar ƙasar asali. In ka damƙi dunƙule ka murje a tafin hannu, tsingaron tukunya zai soke ka, ga ƙayar kifi, ga ƙasusuwa, ga kuma ɓarɓashin gawayi da ya rina maka yatsu. Galibinta an tara ta tsakanin shekara 500 da 2,500 da suka shige. Babu mai tara juji mai zurfin mutum a tsaye alhali yana ƙaura kowace shekara uku. Ashe garuruwan limamin sun wanzu, agana da sauran annobar da baƙi suka kawo, tare da farautar bayi, su suka share su, kurmi ya rufe kufai.

Wanda ya fi kowa ɗawainiya da al'amarin shi ne Wim Sombroek, masanin ƙasa ɗan Holan, wanda ya bayyana baƙar ƙasar a littafinsa na 1966, bai kuwa gushe ba yana kira a koyi yin sabuwarta har ya rasu a 2003. Sirrin da aka gano yana ga gawayin. Itace in ya ci wuta sosai toka yake zama, ita kuwa toka damina ɗaya ke tafiya da ita. Amma in ya turara cikin ƙarancin iska sai ya bar gawayi mai ƙananan kafofi bila adadin, waɗanda ke riƙe danshi da abincin shuka kada ruwa ya wanke, su zama mazaunin ƙananan halittun da ke raya ƙasa, su kuma rage tsami. Daɗin daɗawa, gawayi ba ya ruɓewa sai bayan ƙarnuka, saboda haka sinadarin kabon da ke cikinsa, wanda da zai tashi sama ya ƙara ɗumamar duniya, yana nan binne. Daga nan aka samo sana'ar da ake kira biochar a yau, har aka kafa mata ƙungiyar duniya a 2006. Sai dai ni ina ganin masu tallarta kan manta rabin darasin, domin gawayi tsura, in aka zuba shi a gona ba a jiƙa shi da taki ba, da fari shanye abincin shuka yake yi, a baƙar ƙasar Amazon kuwa gauraye yake da sauran shara, ba shi kaɗai ba. Haka kuma wanda ya sare ice don ya yi gawayin gona ya yi ɓatan ɓakatantan. Ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa su suka dace da wannan aiki.

An daɗe ana muhawara ko da gangan aka yi baƙar ƙasar ko kuwa shara ce ta taru. Manomin Kano da ya saba ganin jakai suna fita da takin bola a mangala zuwa karkara, ya kuma san yadda dawa ke yin kai a kufai, ba zai ga saɓani tsakanin biyun ba, an kuma sami irin wannan baƙar ƙasa kewaye da tsofaffin ƙauyuka a Laberiya da Gana. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutanen Kuikuro, mazauna saman kogin Xingu, har yau suna yin ta da niyya, suna kiranta eegepe: su kwashe toka da gawayin murhu, da ɓawon rogo da ragowar kifi, su zuba a bayan gida, in ta nuna bayan 'yan shekaru su shuka dankali da gwanda a kai.