Daga Askar Wanzami zuwa Fensir: Tarihin Zanen Fuskar Yaro a Ƙasar Maraɗi

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma wanda ya san ƙasar da ta taso daga Gazawa, ta ratsa Agye, ta kai Gidan Rumji, ya san cewa fuska ta daɗe a nan tana ba da labarin da ya wuce na zuciya, domin tana faɗin gari da dangi tun mai ita bai buɗe baki ba. Kalma guda ce, zane, Hausa ta ba tsagar da wanzami ke yi a kunci da kuma layin da ɗan makaranta ke ja a takarda. Saboda haka matashin da ya zauna yau da fensir yana ƙoƙarin fitar da kamannin ƙanwarsa ba shi ne farkon mai zana fuskar yaro a wannan ƙasa ba. Masu zane iri-iri sun riga shi, kuma kowanne da abin da ya nema a fuskar.

Na farkonsu wanzami ne, takardarsa kuwa fatar yaron ce kanta. Ran suna, kwana bakwai da haihuwa, bayan an yanka rago an yi aski, sai ya ɗauki aska ya ja zanen gidan. Na Gobirawa ya fi kowanne shahara: layuka ne da ke tasowa daga gefen baki su baje zuwa wajen kunne, bisa al'ada shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Aikin yana da dalili mai nauyi a ƙarni na 19. Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da aka kora sun kafu a Maraɗi, na Gobir kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Shekaru da dama aka kwashe ana kai hari ana ramawa tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasashen daular Sakkwato, kuma yara na cikin ganimar da aka fi ɗauka. Yaron da aka sace yana iya manta harshen uwarsa da sunan garinsu, zanen kuncinsa dai yana nan. Wanzami bai damu da abin da ya bambanta wannan jariri da ɗan maƙwabta ba. Burinsa ya sa shi ya yi kama da danginsa. Mai fensir kuwa akasin haka yake nema.

A makarantar allo ma ana zane, kuma zane mai kyan gaske. Almajirin da ya kai sauka akan yi wa allonsa zayyana da tawada baƙa da ja da rawaya da kore, da murabba'ai da da'irori masu shiga juna. Masu tsara aska takwas a kan riga kafin a sa allura, da maginan da suka ƙawata bangon gidaje a Birnin Damagaram da Zariya, duk hannunsu ya san layi. Abin da babu a cikin wannan gado shi ne fuskar mutum. Hadisan da suka yi kashedi ga masu yin surar abu mai rai sanannu ne ga kowane almajiri. Sai dai malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar, sun yi bayani dalla-dalla: haramci ya tabbata ne a kan sura mai jiki da inuwa wadda gaɓoɓinta suka cika, ita kuwa wadda aka shimfiɗa a takarda ko ƙyalle hukuncinta ya fi sauƙi. Wasu malamai sun tsananta fiye da haka, kuma muhawarar ba ta mutu ba. Malamin lakwal da ya shiga aji da darasin zanen fuska ba tare da ya san wannan bambanci ba, zai sha tambaya daga iyaye, kuma ba zai iya amsawa ba.

Fensir ya shigo ƙasar ne a aljihun baƙo. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa, ya wuce Gazawa, ya nufi Katsina, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuma ya karkata yamma ya ziyarci Gobir da Maraɗi. Barth yakan zana abin da ya gani a littafin tafiyarsa, garuruwa da rumbuna da duwatsu, kuma daga waɗannan zane-zane ne mai zane Martin Bernatz ya tsara hotunan da aka buga a littafinsa na 1857 da 1858. A cikin littafin akwai surar samari biyu, Abbega da Dorugu, waɗanda Overweg ya ƴanta daga bauta, suka koma hannun Barth bayan rasuwarsa a 1852, suka bi shi har Timbuktu, sannan har Ingila a 1855. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi yana ƙarami. Surarsa na cikin na farko-farko da aka buga na wani yaro Bahaushe da sunansa a ƙasa. Abin lura shi ne shi yaron ya fi surar magana: labarin rayuwarsa da ya faɗa wa J. F. Schön da Hausa ya fito a Magana Hausa a 1885, kuma a can ne aka ji yadda shi ya kalli Turawa. Ya rasu a Kano a 1912.

Shi kansa fensirin na zamani ɗan Faransa ne. A 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun baƙin dutsen rubutu daga Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya gano cewa in an niƙa dutsen aka cuɗa shi da yumɓu aka gasa, ana samun abin rubutu, kuma yawan yumɓun ne ke sa ya yi tauri ko laushi. Daga nan aka samo harufan da ke jikin fensir: H mai tauri, mai layi siriri, B mai laushi, mai baƙi sosai. Lakwal ta zamanin mulkin mallaka ta kawo wannan kaya, amma ba ta kawo kallon fuska ba. Darasin zane kwaikwayo ne: mushe ya zana tulu ko ganye ko taswira a babban allo, yara su kwafa, sannan a ja ɗan ado a ƙarƙashin aikin yini a cikin kaye. Fuskokin yaran Afirka da ɗan lakwal ya fara gani a zane su ne na littafin karatu Mamadou et Bineta na André Davesne, kuma waɗannan ba fuskar kowa ba ce. Bayan samun mulkin kai a 1960 darasin ya ci gaba da zama a ƙarshen jadawali, shi ake fara sadaukarwa idan lissafi ko Faransanci sun nemi ƙarin lokaci.

Sai mai hoto ya zo ya ɗauke aikin gaba ɗaya. Ga ɗimbin yaran karkara, hoton farko a rayuwa shi ne ɗan ƙaramin nan na takardun jarrabawar ƙarshen firamare, an tsayar da yaro jikin bango, ya ƙame kamar mai jiran bulala. Amma hoton da ya fi yin nisa shi ne na 2005. A shekarar, bayan fari da farin ɗango na 2004 da tashin farashin hatsi, jihar Maraɗi ta zama cibiyar matsalar tamowa. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta karɓi dubban yara a cibiyoyinta na Maraɗi da Agye da Dakwaro, ƴan jaridar duniya kuma suka sauko da na'urorinsu. Ba za a musa cewa hotunan sun jawo taimako ba, kuma rayuka sun tsira ta dalilinsu. Sai dai a idon duniya fuskar yaron Maraɗi ta zama fuska guda, mai manyan idanu da ƙuda a gefen baki, ba suna, ba gari. Wanzami ko ba komai ya bar wa yaro shaidar danginsa.

Nijar ba ta rasa masu hannu ba. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da zane ya fara, shi ya koya wa kansa, kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai ya shiga harkar silima, har ya fitar da Bon voyage Sim a 1966, fim ɗin zane mai motsi da ke yi wa shugabanni shaguɓe da kwaɗi. A ƙetaren iyaka, ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiyarsu a 1958 don haɗa koyarwar Turai da gadon gida. Waɗannan duka a birane aka yi su. Abin da ya kai zanen kamanni ga matashin Gazawa ko Tsibiri, wayar salula ce. A watan Yuli na 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron a Legas cikin kimanin sa'o'i biyu, hoton aikin ya zagaya wayoyi, matasa da yawa suka ga cewa da takarda da fensir kaɗai ana iya fitar da mutum kamar zai yi magana.

Wanda ya gwada da fuskar yaro, nan da nan zai gane ta fi ta dattijo wuya. Dattijo yana da tamoji da ƙasusuwan kunci da gemu, wurare da yawa da fensir zai kama. Yaro ba shi da ko ɗaya. Kuskuren ɗan koyo na farko shi ne ya ɗora idanu can sama, alhali a kan babba ma suna tsakiyar tsawon kai ne, a kan ƙaramin yaro kuma suna ƙasa da tsakiya, domin goshi da ƙoƙon kai sun riga haɓa girma. Ƙwayar ido tana cika gurbinta, farin kaɗan ake gani. Karan hanci bai taso ba tukuna. Wuya gajere ne. Kuskure na biyu ya fi na farko muni, wato jan layi. Layi guda mai kauri daga gefen hanci zuwa baki ya isa ya mayar da ƴar shekara 4 ƴar shekara 40. Kumatun yaro da inuwa ake gina su, a shafa fensir mai laushi a hankali, a murza da auduga ko takarda da aka naɗe, a sake shafawa.

Akwai kuma abin da littattafan koyon zane na Turai ba su cika kula da shi ba. An rubuta su ne don farar fata a kan farar takarda, inda mai zane ke neman inuwa. Baƙar fata haske take mayarwa, a goshi da kan hanci da saman kunci da leɓen ƙasa, kuma wannan sheƙi ne ke fitar da siffar. Don haka magogi ya zama abin zane daidai da fensir: a rufe fuskar da duhu mataki-mataki, daga HB zuwa 4B ko 6B, sannan a ciro hasken da bakin magogi. Wanda ya tsorata da baƙi zai ƙare da yaro mai launin toka, kamar wanda ya yini a murhu.

Yaro ba ya zama wuri guda, shi ya sa yawancin masu koyo daga hoton waya suke aiki, su raba shi gida-gida da layuka, su kwafa gida bayan gida, dabarar da masu zanen Italiya da Jamus suka bayyana tun ƙarni na 15 da na 16. Tana koyar da awo, amma tana iya mayar da mai zane injin kwafi, ya fitar da kowane gashin gira ya rasa yaron. Zama gaban yaron kansa kuma yana da nasa shinge a ƙasar Hausa. Uwa ba ta son a ƙura wa ɗanta ido, ba ta son a yawaita yabon kyansa, saboda tsoron kambun baka. In ɗan fari ne ma kunya ba za ta bar ta ta nuna ta damu da hoton ba, ko da daga baya ita za ta ɓoye shi a ƙasan akwati. Shi ya sa mai koyo yakan fara da ƴan gidansu, inda kallonsa ba ya tayar da hankalin kowa, kuma yakan nemi izinin iyaye kafin aikin ya fita daga gida zuwa wayoyin mutane.

A halin yanzu zanen wanzami na ja da baya. A Najeriya dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, a Nijar kuma makaranta da asibiti da wa'azi da takardar haihuwa sun rage shi ƙwarai, musamman a garuruwa. A gidaje da yawa na Tsibiri, kaka tana ɗauke da layukanta 13, jikar da ke kan cinyarta kuwa kuncinta sumul. Matashin da ya zauna zana su biyun zai bukaci fensir mai tsini da tauri don kuncin tsohuwar, inda tsagar ta nitse cikin tamoji har sai an lura ake rarrabe su, sannan ya ajiye shi ya ɗauki mai laushi da auduga idan ya zo kan yarinyar.