Tarihin iyakarmu da Nijeriya: yadda aka shata ta, da abin da ya biyo baya

Darasinmu na yau na tarihi ne. Za mu yi magana bisa iyakar da ke tsakanin ƙasarmu Nijar da maƙwabciyarmu Nijeriya. Tsawonta ya kai wajen kilomita 1500, tun daga bakin kogin Kwara kusa da Gaya har tabkin Cadi. Jahohinmu biyar ke bakinta: Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. Mutumin Ƙonni ya san kasuwar Illela, na Ɗan Isa ya san ta Jibiya, na Matamai ya san ta Daura. Da yawa cikinmu suna da kawu ko suruki a wancan gefe. To, wa ya ja wannan iyaka? Yaushe? Kuma mi ya sa gwamnatocin biyu ba su da makawa sai sun zauna tare? Ku kasa kunne.

Kafin zuwan Turawa

A da, sarakuna ba su auna ƙasa da igiya. Iyakar sarki ita ce garin ƙarshe da ke kai mishi haraji. Jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Sarakunan da aka kora suka yo arewa. Katsinawa suka zauna Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri. An daɗe ana kai wa juna hari, amma ayari bai daina tafiya ba. Gishirin Bilma da kanwa suna gangarawa Kano, tufafi da goro suna hawowa Damagaram da Agadas.

Yadda aka shata iyaka

A watan Agusta na 1890, Faransa da Ingila suka sa hannu bisa takarda can ƙasar Turai. Suka ja layi daga Sayi a bakin kogi zuwa Barwa a bakin tabkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Waɗanda suka sa hannun ba su taɓa taka ƙasar ba, kuma ba a tambayi sarki ko talaka ba.

A 1898 suka sake zama. Wannan karo suka kafa tsinke bisa Sakkwato cikin taswira, suka zagaya shi da da'ira mai nisan kilomita 160. Bisa wannan takarda Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi duk sun faɗa rabon Ingila. Da sojan Faransa suka so tafiya daga kogi zuwa Damagaram, sai suka tarar hanyar da aka bar musu ba ta da rijiyoyi. Suka koma suna neman a gyara. A 1904 Ingila ta yarda aka turo layin kudu, a 1906 aka ƙara daidaita shi. Daga 1906 zuwa 1908 Kaftin Tilo na Faransa da Manjo Oshi na Ingila suka bi ƙasa, suna tambayar dattawa wane gari ke bin wane sarki, suka kafa alamun iyaka 148. A 1910 gwamnatocinsu suka tabbatar da aikin.

Ku lura, jama'a: neman rijiya ne ya sa Maraɗi take cikin Nijar yau. Tun ranar farko maganar ruwa ce ta juya iyakar nan, kuma za ku ji ta sake dawowa.

Zamanin gyaɗa da zamanin allura

Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bin Kano, bisa raƙuma da jakuna, daga baya cikin manyan motoci. A 1953 Faransa ta buɗe wata hanya ta Faraku zuwa Kotonu don ta karkato kayan ƙasar nan, amma hulɗa da Kano ba ta yanke ba. Talakawa ma sun san amfanin iyaka. In haraji ko aikin tilas ya yi nauyi a gefe guda, sai ƙauye ya kwashe ya ƙetare.

Bayan samun mulkin kai a 1960, aikin farko babba da aka yi tare shi ne na dabbobi. Ciwon bushiya ya daɗe yana ƙare garke. Makiyayi kuwa rani na kai shi kudu, damina ta maido shi arewa. In an yi wa shanun Nijar allura aka bar na Nijeriya, wahalar banza ce. Don haka a 1962 Nijar, Nijeriya, Cadi da Kamaru suka fara allurar gayya, ana huda kunnen duk saniyar da aka yi wa. Ciwon ya lafa ƙwarai. Sai aka yi sake, aka bar bin maruƙan da aka haifa daga baya. A farkon shekarun 1980 bushiya ta dawo, ta kashe shanu masu ɗimbin yawa. Dole aka sake wata gayya a 1986, ta Afirka baki ɗaya. Sai a 2011 aka bayyana cewa ciwon ya ƙare a duniya.

Haka aka yi da agana. An fara lambar gayya a ƙasashen Afirka ta Yamma a 1967, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki. Shan inna ya nuna mana ɗaya fuskar. A 2003 aka dakatar da rigakafinsa a Kano har wajen shekara guda. Cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Daga nan aka ƙara ƙarfafa yin rigakafi a ranaku guda a gefen biyu, har a tashoshin mota da kasuwannin bakin iyaka.

Hukumar haɗin gwiwa ta 1971

Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, shugaba Jori Hamani ya tsaya bayan gwamnatin tarayya. Bayan yaƙin, a watan Maris na 1971, shi da Janar Yakubu Gowon suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, aka sa mazauninta a Yamai. Aikinta shi ne ta tara ma'aikatan ƙasashen biyu su duba maganar hanyoyi, ciniki, ruwa, kiwo da lafiya, su kai wa shugabanni shawara. Ku riƙe wannan shekara, domin hukumar ta girmi ƙungiyar CEDEAO, wadda aka kafa a Ikko a 1975.

Abin da ya fi fitowa fili a wancan zamani shi ne wutar lantarki. Nijeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji bisa kogin Kwara a 1968. A 1972 aka ƙulla yarjejeniyar sayar wa Nijar wuta, a 1976 waya ta iso Yamai daga Birnin Kabi. Daga baya aka jawo wata daga Katsina zuwa Gazawa, tana ba Maraɗi da Damagaram. Ruwan da ke juya injin Kainji ta ƙasarmu yake bi kafin ya isa can.

Maganar ruwa

Akwai gulabe huɗu da muke tarayya da Nijeriya. Biyu daga cikinsu sun isa misali.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake ce mishi Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ambaliyarsa ce ke jiƙa fadama, ta cika tabkin Madarunfa, ta ɗaga ruwan rijiyoyi. Wajen 1990 Nijeriya ta gina madatsa a Jibiya. Masu noman fadama na wannan gefe suka yi kuka cewa ruwa ya ragu.

Magiya kuwa daga ƙasar Adar take tasowa, ta wuce kusa da Ƙonni, ta zuba cikin tabkin Kalmalo a ƙasar Sakkwato. Wajen 1980 Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango don noman rani na Ƙonni. Masunta da manoman Kalmalo su ma suka yi kuka cewa tabkinsu ya ja baya. Kun ga ke nan: a gulbi guda mu ne na ƙasa, a ɗayan mu ne na bisa. Wanda ya tare wa ɗan'uwansa nan, za a tare mishi can. Haka yake ga Komadugu, wadda masu noman tattasai na Difa suka dogara da ita. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992, duk cikin ƙasar Kano, suna bisa rassan da ke ba ta ruwa.

Saboda haka a ranar 18 ga Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri bisa yarjejeniyar rabon ruwa. Ta shafi Magiya, Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu. Ta ce kowace ƙasa tana da haƙƙin rabo na adalci. Ta ce a riƙa auna ruwa ana ba juna labari, kuma kada wata ta tada babban aiki bisa gulbi sai ta shawarci ƴar'uwarta. Magana ce mai kyau. Amma takarda ba ta buɗe bakin madatsa. Sai an sa ma'aikata masu awo, an ba su kayan aiki, kuma manoma sun san abin da aka rubuta da sunansu, su riƙa tambaya.

Shekarun da aka rufe iyaka

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta canza takardun naira, ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ba a buɗe ba sai Maris na 1986. A wannan shekara ta 1984 damina ta ƙi. Hatsin da ya saba hawowa daga kudu ya tsaya, dabbar da za a kai kudu a sayar ta rasa hanya. Mutanen karkara suka sa wa yunwar suna El-Buhari, da sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Dattawa da ke saurare ba su manta ba.

An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, don hana fasa-ƙwabrin shinkafa da man fetur. Sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa a lokacin. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025.

Kowane karo abin da ya faru iri ɗaya ne. Farashin abinci ya hau a nan, masu albasa da wake da dabbobi suka yi asara, ƴan kasuwar Illela da Jibiya da Mai'aduwa su ma suka ji a jikinsu. Mai fasa-ƙwabri kuwa ya bi ta daji da babur, ya ninka kuɗinsa.

Ɓarayi da masu ɗauke da makamai

Satar shanu a bakin iyaka tsohon abu ne. Ɓarawo ya sata a nan, ya ƙetare, jandarma ya tsaya bakin alama yana kallo. A zamanin nan abin ya zama na bindiga. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, a shekarar kuma aka sake tsara rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tabkin Cadi. A 2019 ƴan bindiga masu satar mutane suka koro mutum sama da 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jahar Maraɗi. Ƙauyukan Gidan Runji suka buɗe musu gidaje da rumbuna tun kafin taimako ya iso. A watan Satumba na shekarar, gwamnonin jihohin nan uku suka zo Maraɗi, suka zauna da gwamnan jaha, suka sa hannu bisa takardar taimakon juna a kan tsaro. Dalili a fili yake: in an kori ɓarayi daga daji guda ba a tsare ɗayan ba, ƙaura kawai aka sa su.

Abin da za mu riƙe

Jama'a, tarihin nan ya nuna abu biyu. Duk lokacin da aka yi aiki rana ɗaya a gefen biyu, aka kuma dage, an ci nasara, kamar yadda aka ga bayan agana da bushiya. Duk lokacin da aka sa hannu aka koma gida aka kwanta, ko aka ja ƙofa aka rufe, talakan bakin iyaka ne ya fara biya. Shugabanni suna zuwa suna wucewa, ƙungiyoyi ana shiga ana fita, amma Gulbin Maraɗi ta Jibiya zai ci gaba da zuwa.

Naku aikin shi ne ku kai yara da dabbobi rigakafi duk gefen da rana ta same ku, ku nemi takardar dabbobi kafin ku ƙetare da garke, kuma ku guji sayen saniyar da ba ku san asalinta ba komi arharta.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku a cibiya. Wane gulbi ko wace kasuwa garinku yake tarayya da mutanen ƙetare? Mi dattawanku suka tuna na shekarar 1984? In ruwan fadamarku ya ragu, wa za ku fara kai wa kuka? Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar jama'a, a aiko mana.